Mun biya kuɗin yawon mota harda abinci a Salzburg, ga abun da na gani

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan bani fili a shafin wasiƙu. Ni ba marubuci bane, atamfa da shadda nake saidawa a Kwari, amma akwai abun da na gani a tafiyar da mukayi ni da uwargida wajen ɗanmu dake karatu a Munik ta ƙasar Jamus, tunda muka dawo yake cina a rai, nace bari dai in rubuto ko na huta.

Hajiya ce ta ja mana tafiyar. Tun tana sakandaren kwana aka taɓa kunna musu wani fim a kaset mai suna The Sound of Music, har yau in tana yanka alayyahu zakaji tana ɗan rera waƙoƙinsa ƙasa ƙasa. Ranar da yaron ya suɓuce baki yace ai garin da aka ɗauki fim ɗin, Salzburg ta ƙasar Ostiriya, bai kai awa biyu a jirgin ƙasa daga inda muke ba, shikenan abun nema ya samu, ba a ƙara wata magana a gidan ba sai wannan. Ni kuwa ban taɓa kallonsa ba, a daren aka zaunar dani kusan awa uku. Wanda bai sani ba, fim ɗin Amurkawa ne da ya fito a 1965, Julie Andrews ce jarumar, har kyautar Oscar biyar ya ci. Labarin wata budurwa ce Maria mai shirin zama sistar coci, aka turata rainon yara bakwai na wani tsohon hafsan sojan ruwa da matarsa ta rasu, ta koya musu waƙa, daga baya ta auri uban, suka gudu daga 'yan Nazi. Ana ɗan magana sai a ɓarke da waƙa, a bakin ruwa, a lambu, a kan tudu, nace Hajiya ai wannan fim ɗin Indiya ne kawai fararen fata suka yi, ta harareni.

Yaron ya siya mana tikiti ta intanet, irin wanda aka rubuta yawon awa huɗu a mota da ɗan rakiya mai bayani, sannan harda abincin rana. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da na dafe ƙirji amma nayi shiru, an riga an biya.

Motar daga dandalin Mirabell take tashi, ƙatuwar bas ce anyi mata fenti da hoton fim ɗin tun daga kai har gindi. Cikinta Amurkawa ne suka fi yawa, tsofaffin mata da jikokinsu, sai 'yan Ingila, sai wasu da nake zaton 'yan Koriya ne ko Japan, sai wani Ba'indiye da amaryarsa a kujerar gabanmu, sai mu, ni da hulata zanna, Hajiya da mayafi. Ɗan garin ko ɗaya babu in ka cire direba da mai bayanin. Shi mai bayanin ma da bakinsa yace da yawan mutanen Salzburg basu taɓa kallon fim ɗin ba, wanda iyayensu suka fi sani shine wani na Jamusanci da akayi a 1956 a kan labarin dangin, su dai in za a yi maganar kiɗa to a yi musu maganar Mozart da aka haifa a garin a 1756. Amma fa duk da haka basu bar kuɗin ya wuce su ba, kullum motocin na tashi, rani da damina.

Toh ga inda abun ya fara bani mamaki. Ni na ɗauka za a kaimu wani katafaren waje da aka gina domin fim. Ina! An tsaya damu a bakin wani tafki, aka nuna mana wani farin gidan sarauta can tsallaken ruwa, Leopoldskron, akace a wannan tafkin ne kwalekwale ya kife da yaran a fim, shiga gidan kuma babu, daga nesa zaka ɗau hoto ka koma mota. Aka wuce damu ta gefen wani gidan kuma ruwan ɗorawa, Frohnburg, akace shi aka nuna a matsayin gaban gidan, wato gida ɗaya a fim ashe gida biyu ne aka haɗa. Daga nan sai lambun Hellbrunn inda aka ajiye wata 'yar rumfar gilashi da saurayi da budurwa sukayi rawa a ciki ana ruwan sama. Ranka ya daɗe wallahi rumfar nan bata fi shagona girma ba, kuma a kulle take, mai bayani yace wai wata tsohuwa ce ta taɓa cewa sai tayi tsalle daga benci zuwa benci kaman yarinyar fim ɗin ta ji ciwo shine aka sa kwaɗo, kuma ma rawar ta ciki a situdiyo aka ɗauketa a Amurka. Amma kaga mutane sun yi layi kowa sai ya dafa gilashin an ɗauke shi, wata dattijuwa 'yar Amurka na kusa dani tana share hawaye tana cewa da mahaifiyarta ta fara kallon fim ɗin a silima. Na juya zan yiwa Hajiya tsiya sai na ga itama idonta ya ciko. Na kama bakina.

Abun da ya burgeni da mutumin nan mai bayani shine bai rufe ƙaryar fim ɗin ba, da ita ma yake cin abinci. Yace a gaske auren Maria da Georg von Trapp a 1927 akayi, a gidan sistoci na Nonnberg da ya haura shekara dubu da ɗari uku da kafawa, ba a 1938 ba kaman yadda fim ya nuna. Yace basu hau wani dutse da ƙafa sun tsallaka Siwizalan ba, jirgin ƙasa suka shiga zuwa Italiya salin alin, daga baya suka ƙare a jihar Vermont ta Amurka. Ya nuna mana duwatsun ta taga yace da nan suka haura da kansu zasu kai kansu Jamus, daf da inda Hitler yake da gidan hutu, motar duk aka kwashe da dariya. Harda waƙar furen Edelweiss ta cikin fim ɗin da baƙi suke ɗauka tsohuwar waƙar gargajiyar Ostiriya ce, yace Amurkawa biyu ne suka rubutata. Yana gama rushe labarin kuma sai ya kunna waƙar a sifika kowa ya ɗauka, ba wanda yaji an cuceshi.

Daga nan aka fita gari damu ta cikin tafkuna da duwatsu, muka leƙa St. Gilgen daga kan tudu, ruwa shuɗi shar kaman an zuba bula, shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya, sai Mondsee inda cocin da aka ɗauki ɗaurin auren fim ɗin yake. Mu bamu shiga ba, muka sauka bakin tafki na shimfiɗa rigar sanyina a ciyawa muka gabatar da azahar da la'asar tunda matafiya ne, ba wanda ya ce mana kanzil, amma fa ba wanda ya sa lokacin salla a lissafi, cikin mintocin da aka bayar na shan shayi muka yanka.

Sai maganar abinci, wadda itace ta fara sani ɗaukar biro. A cikin fim ɗin akwai waƙar da aka ambaci wani soyayyen nama da taliya, toh shi suke baka domin kaji kaman kana ciki, duk da mai bayanin yace su a gida da dankali suke cin nasu, taliyar ta baƙi ce. Naman sunansa shinizel, ana buge shi ne yayi faɗi kaman tafin hannu biyu, a tsoma a ƙwai da garin burodi a soya. Aka dire mana faranti yana ƙamshi, lemon tsami a gefe, na ɗau cokali mai yatsu kenan yaron ya riƙe hannuna yace Baba tsaya. Ya tambayi mai kawo abincin da Jamusanci, tace alade ne. Innalillahi. Ashe na asalin da naman maraƙi ake yi amma yafi tsada, wanda ake sawa a irin wannan haɗin na tikiti sau da yawa na alade ne, kuma ko na maraƙin ne wasu da kitsen alade suke soyawa, ga kuma maganar yanka. A takardar da muka siya ba a faɗi ko ɗaya ba, kawai akace abincin gargajiya. Ba zan ambaci kamfanin ba dan ban ce da gangan sukayi ba, mu ma da laifinmu bamu tambaya ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, kayan zaƙin da zai biyo baya wani naɗaɗɗen fanke ne mai tufa a ciki, yaron ya sake tambaya akace zabibin ciki a giya aka jiƙa shi.

Gaskiya matar tayi kirki, ta kwashe ta kawo mana wani abu wai Kasnocken, kaman taliya 'yar murji da aka gutsuttsura aka narka cuku a kai da soyayyar albasa. Ba laifi amma salam yake, ba yaji ba magi. Hajiya ta waiga hagu ta waiga dama ta zuge jaka ta fiddo ƙullin yajin ƙuli da ta taho dashi tun daga Kano, ta barbaɗa mana. Ba'indiyen nan dake teburin gefe, shi ma ba ya cin nama an haɗa shi da ganye da dankali, yana hango yajin ya miƙo farantinsa yana dariya. Daga nan hira ta ɓarke. Shine yake bamu labarin daga yawo a Siwizalan suka taho, yace can sun daɗe da gane kan abun, saboda waƙoƙin fina-finan Indiya da aka ɗauka a duwatsunsu har mutum-mutumin darakta Yash Chopra suka kafa a garin Interlaken, a kan dutsen Titlis akwai hoton Shah Rukh Khan da Kajol a tsaye cikin ƙanƙara, kuma ka hau can ƙololuwa ka samu shinkafa da miyar kori irin ta gidanku. Wato sun duba waye yake zuwa suka dafa abun da zai iya ci. Dan haka 'yan uwa masu zuwa Turai, in kunga an rubuta harda abinci ku tambaya kafin ku biya, wane nama, da wane mai aka soya, akwai kifi ko na ganye, kuma a rubuta muku a tikitin, in ba haka ba ku siyi na yawon kawai ku nemi shagon Baturke ku ci kebab hankali kwance.

A jirgin komawa Munik nayi ta lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Me mutanen nan suka saida mana? Mota ɗaya, direba, mutum ɗaya mai baki, faranti ɗaya. Tafkin dama yana nan, cocin dama yana nan, rumfar ma a kulle. Fim ɗin da aka ɗauka tun 1964, wanda ba su sukayi ba kuma basu damu dashi ba. Mu kuwa finafinan Hausa namu ne, mu mukayi, mu muka kalla har kaset ya tsinke aka liƙe da jan farce. Ni da idona na sha gane dam ɗin Tiga da gidan Zoo da duwatsun Jos a waƙoƙin finafinanmu na wajejen 2000, kuma nasan akwai matan aure a Maraɗi da Damagaram da Kumasi da zasu so a nuna musu ga bishiyar, ga dutsen. A 2016 anyi ta cece-kuce kan dandalin fim da gwamnatin tarayya taso ginawa a Kofa har aka fasa, ba wannan nazo tayarwa ba, kuma ban ce a kwaso rawa da cakuɗa a cikin mota ba, kowa yasan garinmu. Kosta ɗaya nake nufi, iyali da iyali, wani tsohon mai ɗaukar hoto a gaba yana bada labarin yadda janareto ya mutu ana tsakiyar ɗauka, a tsaya salla a kan lokaci, a ci gasasshen kifi a Tiga ko dambu da zogale, a dawo kafin magariba.

Matsalar dai ba wanda ya rubuta wuraren. A Salzburg kowane benci an san wace waƙa akayi a kansa, mu kuwa abun yana kan mutane ne kawai, masu kyamara da direbobi da masu riƙe fitila na wancan lokacin, wasu sun rasu wasu sun koma wata sana'ar. Shine roƙona gareka ranka ya daɗe, ka tura wakilinku na shafin nishaɗi ya je Zoo Road, matattarar 'yan fim, ya zauna da waɗanda suka rage, ya tambayesu waƙa kaza a ina aka ɗauka, wajen yana nan ko an yanka filaye an gina, ku dinga bugawa ko da guda ɗaya ne duk sati da hoton wajen yadda yake yanzu. In wani mai mota ya gani ya ɗauka, ni zan fara biyan kujera biyu, ta Hajiya a bata ta bakin taga.

Naku,
Mai karatu daga Gwammaja, Kano