Alƙawarin da Aka Yi wa Madheshi a Rundunar Sojin Nepal Har Yau Bai Cika Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu ga wani al'amari da ba kasafai ake jin sa ba idan ana maganar ƙasar Nepal, wato ƙarancin 'yan al'ummar Madheshi a rundunar sojin ƙasar, rundunar da duniya ke yabawa saboda tana sahun gaba wajen bai wa Majalisar Ɗinkin Duniya dakarun kiyaye zaman lafiya.

Madheshi su ne mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kudancin Nepal da ake kira Terai, wadda ta yi iyaka da jihohin Bihar da Uttar Pradesh na Indiya, kuma harsunansu sun haɗa da Maithili da Bhojpuri da Awadhi. Fiye da rabin al'ummar ƙasar a Terai suke zaune, kodayake ba dukkansu ne Madheshi ba. Tun daga 1768, lokacin da Sarki Prithvi Narayan Shah na Gorkha ya ci Kathmandu da yaƙi, aka gina rundunar a kan mutanen duwatsu, manyan muƙamanta kuwa suka zama kamar gado a gidajen Shah da Rana da Thapa. Mutanen kudu aka riƙa yi musu kallon baƙi masu zuciya biyu, saboda kawai harshensu da auratayyarsu sun haɗa su da Indiya, har ta kai a shekarun 1950 sai da takardar izini suke shiga babban birnin ƙasarsu.

Boren Madheshi na Janairun 2007 ne ya tilasta wa mahukunta sauraro. A ranar 28 ga Fabrairun 2008 gwamnatin Girija Prasad Koirala ta sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 8 da gamayyar jam'iyyun Madheshi, inda ta amince a shigar da su soja daidai da yawansu, kuma a rukuni. Shugabannin rundunar suka turje, suna cewa kowa ya shigo da cancantarsa shi kaɗai. An dai gyara dokar soja aka ware kashi 45 cikin ɗari na guraben ɗaukar aiki ga waɗanda aka bari a baya, kuma kashi 28 na wannan kason ne rabon Madheshi. Duk wanda ya yi lissafi zai ga bai kai gurbi 13 cikin kowane ɗari ba. A Disambar 2011 gwamnatin Baburam Bhattarai ta yanke shawarar ɗaukar matasa 3,000 daga yankin, amma ba a je ko'ina ba Kotun Ƙoli ta dakatar da shirin.

Hujjar da rundunar ta fi kafawa ita ce Madheshi ba sa neman aikin, waɗanda suka nema kuma da yawansu ba sa cin jarabawa. Ni dai wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin ta bar jaki tana dukan taiki. A dubi yaron da ya tashi a wani ƙauye kusa da Janakpur: ba shi da uba ko kawu da ya taɓa sa kaki balle ya nuna masa yadda ake shirya wa tantancewa, za a yi masa tambayoyi da harshen Nepali wanda a makaranta ya tsince shi, kuma kafin komai sai ya gabatar da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ɗimbin iyalai a Terai suka daɗe suna fama kafin su samu. Takwaransa na duwatsu kuwa ya girma yana ganin kakansa na karɓar fansho, yana jin labarin bariki tun yana goye. Idan an rufe ƙofa sama da shekara ɗari biyu, buɗe ta kawai ba zai sa mutane su yi tururuwa ba, sai an fita an nemo su.

Illar wannan giɓi ta fito fili a 2015, lokacin da zanga-zangar adawa da sabon tsarin mulki ta ci rayuka sama da 40 kuma aka tura sojoji wasu gundumomin Terai. Mutumin da aka hana fita daga gidansa, ya leƙa ya ga masu bindiga kusan babu mai jin harshen uwarsa a cikinsu, da wuya ya yarda cewa tsaronsa suka zo yi. Abin takaicin shi ne a lokacin Ram Baran Yadav, ɗan Madheshi, shi ne shugaban ƙasa kuma babban kwamandan askarawa, amma muƙamin nasa bai sauya fuskar rundunar ba, kuma har yau ba a taɓa samun babban hafsan soja daga wannan al'umma ba.

Sashe na 267 na tsarin mulkin 2015 ya ambaci Madheshi da sunansu cikin waɗanda dole a tabbatar da shigarsu soja. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta riƙa wallafa adadinsu a kowane muƙami duk shekara, musamman a cikin hafsoshi, ta kai cibiyoyin share fagen ɗaukar aiki garuruwa irin su Birgunj da Lahan, kuma kada gurbin da aka ware musu ya koma hannun wasu don an ce ba a samu mai cika shi ba. Ina roƙon jaridarku ta riƙa bibiyar wannan batu a shafinta na labaran ƙetare.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum