Godiya ga ma'aikatan Tafkin Mead na jihar Nevada

Zuwa ga ma'aikatan ofishin karɓar baƙi na Alan Bible da masu kula da masaukin Boulder Beach, a gandun Tafkin Mead.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, tunda yaba kyauta tukwici ne. Ina kuma so 'yan'uwanmu mazauna Amurka da ke tunanin ratsa Las Vegas da yara su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

A hutun makaranta na watan Maris muka yi hayar mota mai ɗaki da kicin a ciki, wadda a nan ake kira RV, muka taso daga Kalifoniya za mu Grand Canyon, wani katafaren kwazazzabo da ke jihar Arizona. Hanya ta bi da mu ta Las Vegas. Uwargida ta ce ita kam ba za ta kwana da 'ya'yanta a garin da ko gidan mai ka shiga sai ka tarar da injin caca ba. Yara kuwa sun sha ganin fitilun garin a talabijin, sun kafe sai sun gani da idonsu. Ni ne a tsakiya.

Wata jami'arku ce ta raba wannan gardama. Ban ɓoye mata komai ba, na ce mu Musulmi ne, caca haramun ce a wurinmu, amma ba na son in hana yara ganin gari. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma tsaya yi mana dogon bayani ba. Taswira ta ɗauko ta nuna mana Boulder City, garin da ke maƙwabtaka da tafkin, ta ce a cikinsa doka ta hana caca. A 1931 jihar Nevada ta halatta caca, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta fara gina wannan gari domin leburorin madatsar ruwa ta Hoover, wadda ita ce ta tare ruwan tafkin, ta hana musu giya da caca. An sassauta dokar giya a 1969, ta caca kuwa tana nan har yau. Tsakanin garin da Las Vegas kusan kilomita 40 ne. Shawararta ita ce mu kwana a bakin tafki, mu shiga birni da rana, mu fito kafin dare ya yi nisa.

Ta kuma faɗa mana abin da 'yan talla ba sa faɗa. Wanda bai kai shekara 21 ba doka ba ta yarda ya tsaya a filin caca ba, sai dai ya wuce ta ciki tare da babba. To amma galibin manyan otal-otal an gina su ne yadda in za ka gidan abinci ko wurin kallon kifaye sai ka keta tsakiyar injinan, cikin hayaƙin taba da ƙara. Da yamma kuma akwai masu miƙa wa masu wucewa katunan da ba su dace yaro ya gani ba. Saboda mun san haka tun kafin mu shiga, mun shirya. Muka kalli rawar ruwa a gaban otal ɗin Bellagio daga bakin titi, ba a biyan ko sisi, yara suka ɗauki hotuna, muka yi sallah a wani masallaci da ke cikin gari, muka juya. Babban ɗana ya tambaye ni me ya sa mutanen da ke zaune gaban injinan ba sa dariya. Wannan hira ta kai mu har masauki, kuma na fi son a ce da ni aka yi ta.

A wurinku ne yaran suka fi sakewa. Kun ba su ɗan littafin ƙananan masu gadin daji, suka cike shi da tambayoyin tsuntsaye da duwatsu, kuka rantsar da su kuka maƙala musu baje. 'Yata da ke aji huɗu tana da katin da gwamnati ke ba 'yan ajinsu, da shi aka bar motarmu ta shiga kyauta. Mun taka tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga kusa da ofishinku ta ratsa ramuka biyar da aka fasa cikin dutse domin kai kayan gini madatsa. Ni da na tashi ina ganin dam ɗin Tiga shi ne ƙarshen girma, da na leƙa daga saman katangar Hoover mai tsayin mita 221 sai na ja da baya.

Wani jami'in ya nuna wa yara farin zanen da ya zagaye duwatsun bakin tafki, ya ce nan ruwa yake kaiwa a da. A 2022 ya ja baya fiye da kowane lokaci tun da aka cika tafkin, alhali kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da Las Vegas ke sha daga nan yake fitowa. Tun daga ranar babu wanda ya sake barin famfon motarmu a buɗe.

Masaukin Boulder Beach ba shi da wurin jona wuta, kuma kun faɗa mana haka tun farko. Akwai ruwa, akwai banɗaki mai tsabta, akwai wurin zubar da ruwan dattin mota, ga inuwar itatuwan turare da dabino. Kun kuma ja kunnenmu cewa kada mu kuskura mu maimaita wannan tafiya da yara a watan Yuli, domin a Yulin 2024 zafi ya kai digiri 49 a Las Vegas.

Uwargida ta ce in isar muku da gaisuwarta ta musamman, yara ma suna gaishe ku. Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku haƙuri da baƙi masu yawan tambaya irinmu.

Naku,
Wani magidanci Bahaushe mazaunin Kalifoniya