Koke Ga Mai Martaba Sarkin Haɗejia Kan Binciken Da Ake Yi A Kanmu Ba Tare Da Mu Ba

Daga manoma, masunta, makiyaya da matan ƙauyukan bakin kogi na ƙasar Guri, ta hannun dagatanmu da Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, kukanmu a kan masu zuwa bincike ne, da injuna da magungunan gona da ake kawo mana. Muna maraba da su, amma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ba a sa bakinmu a ciki.

Da wuya rani ya wuce mota ba ta tsaya a ƙofar dagaci ba. Matasa su fito da kwamfutar hannu, su tambayi buhu nawa ka samu bara, awaki nawa gare ka, sau nawa ake ɗora tukunya a gidanka. Su ɗebi ƙasa a leda, su ɗebi ruwa a kwalba. Mu bar aiki mu zauna da su, a dama musu fura. Daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko wanda aka ɗebi ƙasar gonarsa ba a dawo an ce masa ga takin da ya dace da ita ba.

Dattawanmu sun san kogin nan na Haɗejia kafin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. A da ruwa kan zo da damina ya malale fadama, ya janye, a bi sawunsa da shuka, shanu su samu makiyaya. Da aka riƙa sakin ruwa daga madatsun har da rani, ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya ratsa ta, wasu gonaki sun nutse, wasu kuma ruwan ba ya isa gare su, ga tsuntsayen jan-baki sun mayar da ita makwanci suna sauka a kan shinkafa. Mun san madatsun nan sun shayar da birnin Kano, kuma 'yan'uwanmu na Kura da Kadawa sun yi arzikin noman rani da su, ba ma yi musu hassada. Sai dai da an zauna da masuncin Guri tun farko, da ya faɗi inda ruwa yake bi da inda ba ya son a tare shi.

Ga na kusa. An haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, muka yi murna. Amma an kafa ta a kan burtali, nesa da gidaje, ba a tambayi matan da ke aiken yara ɗibar ruwa ba. Da wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikin injin, babu ko mutum ɗaya a garin da aka koya wa gyara. Tankin yana nan tsaye a bushe. Maganin feshi kuwa ya rage wahalar noma, gaskiya ne, amma 'yan ƙwadago sun rasa abin yi, kuma mun ga kwalabensa a hannun yara ana zuba man gyaɗa, domin gargaɗin da ke jiki da Turanci aka rubuta.

'Ya'yanmu da ke jami'a sun shaida mana cewa akwai fannin ilimi guda, wanda ya kafu a jami'o'in Turai da Amurka tun shekarun 1970, aikinsa nazarin yadda kimiyya da fasaha ke sauya zaman jama'a, da yadda jama'a ke karɓa ko su ƙi. Mu a aikace muka san shi. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano saboda mutane ba su yarda ba, alhali maganin yana nan. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gida-gida aka samu yarda, har aka ayyana cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020.

Don haka muke roƙon Sarki, uban ƙasa, ya yi magana da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da cibiyar nazarin noman busassun yankuna ta Jami'ar Bayero, su turo malamai su yi irin wannan nazari a ƙasarmu, tare da Sarkin Ruwa, da Sarkin Noma, da Arɗo, da wakilan mata, a matsayin masu ba da ilimi. Muna kuma roƙon a umarci dagatai kada su karɓi mai bincike sai ya yi alkawari a rubuce cewa zai dawo ya karanta sakamakonsa da Hausa a dandali. Duk wanda zai kafa inji, ya fara jin shawarar masu amfani da shi, ya koya wa matasa biyu gyara kafin ya tafi.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka kira mu. Sa hannu da dangwalen yatsun masu koke suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya taimaki Sarki.