Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Sayar da Kifi a Katsina

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa mambobi.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne ƙarancin kifin teku a tsakiyar damina. Daga Yuni zuwa Satumba iskar da ke kawo mana ruwa daga Tekun Atlantika ita ce ke tayar da igiyar ruwa a gaɓar Badagry, Ilaje da Ibeno, can kudancin Najeriya. Masuntan can da kwalekwale mai inji suke fita, kuma wurin ƙetare igiyar bakin gaɓa ne jirgi ya fi kifewa. Idan teku ta yi fushi sai su yi kwanaki ba su jefa koma ba. Bonga ma, wato ƙaramin kifin tekun da ake kyafewa, da rani ya fi kamuwa, saboda haka tsadarsa a watan Agusta ba laifin dillali ba ne.

Wanda aka samu ɗin ma ba ya bushewa da kyau, don itace jiƙe yake, iska kuma cike da laima. Ka ɓalle bandar ka ga bayanta ya yi baƙi amma jikin ƙaya da danshi. Kafin ta gama tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa nan, fumfuna ta kama ta. Mun zagaya rumfuna mun nuna gyaran: a zazzage kwando ranar da ya iso, a ware mai laushi, a sake kyafe shi a kan garwashi marar harshen wuta, a bar shi ya huce kafin a rufe, a ɗora a kan katako nesa da ƙasa. Fesa maganin ƙwari a kan kifi kuwa mun hana, guba ce.

Kifin ƙanƙara irin su titus da shawa yawancinsa daga waje ake shigo da shi ta Legas, don haka canjin dala da wutar lantarki suka fi taɓa shi. Dole sanyin firinji ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri. Katan ɗin da ka ga ya jiƙe, ko jini ya daskare a gindinsa, ya taɓa narkewa a hanya, kada a karɓa.

Lokacin da kaya suka yanke, tarwaɗa da ƙarfasa daga madatsun Zobe, Jibiya da Sabke ne suka rufa mana asiri. Baɗi kwamiti na so a haɗa kuɗi a sayi bonga tun kafin ruwan farko. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin taro na gaba.