Ba gaggawar jana'iza ce ke ɓatar da shaida ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Laraba har ƙarshe, kuma wallahi maganar baƙonku ta ɓata min rai. Wai mu ne muke hana a gano masu kisa, saboda muna gaggawar kai mamaci makwancinsa, ba ma bari likita ya binciki gawa. Mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Haba!

Ƙanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, maigadi ne a wani rukunin shaguna. Da asuba aka tarar da shi kwance cikin jini, an fasa shaguna biyu. Tun kafin rana ta fito muka kai rahoto, amma jami'ai ba su iso ba sai da hantsi, shi ma bayan mun zuba musu mai a mota. Kafin nan 'yan kallo sun tattake wurin kaf. Ga wuƙa a bakin kwata, ga kwaɗon da aka ɓalle, ga takalmi ƙafa ɗaya wanda ba na marigayin ba. A gabana wani jami'i ya ɗauki wuƙar da hannunsa, babu safar hannu, ya naɗe ta a tsohuwar jarida. Takalmin kuwa ba wanda ya ko kalle shi.

Mu da ake cewa ba ma son binciken gawa, mu ne muka roƙa a yi. Aka ce kuɗin likita a wuyanmu yake. Muka zauna a ƙofar mutuware har la'asar muna buga waya neman rance, bai haɗu ba, muka ɗauko Baffa muka yi masa sutura. Wannan ita ce gaggawar da baƙonku yake nufi?

Daga baya aka kama wani yaro mai garuwa, aka ce ya amsa laifi. Na gan shi a kotu, da ƙyar yake taka ƙafa. Ya ce dukansa aka yi ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Alƙali ya nemi wata shaidar, aka nemi wuƙa aka rasa. Sai da yaron ya yi shekaru a gidan yari yana jiran shari'a sannan aka kori ƙarar. Har yau matar Baffa ba ta san wanda ya kashe mata miji ba.

Doka ai tana nan. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko a naɗa a bidiyo, wata doka ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) tun 2017. Mu kuwa an ɗauki zanen yatsunmu a banki wajen BVN, an ɗauka wajen NIN, an sake ɗauka wajen katin zaɓe. To me ya hana a ɗauki zanen yatsa a jikin wuƙa da kwaɗo a gwada? Abin da ya kamata ku tambayi baƙonku ke nan, tunda ya ce ya daɗe a aikin binciken laifuka. Ku dawo da shi, ku haɗa shi da likitan binciken gawa, su faɗa mana wa ya kamata ya biya kuɗin nan, gwamnati ko maraya.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya a tsakiyar shirin. Rabin lokacin a nan yake tafiya, layin wayarku kuma kullum a toshe, shi ya sa na rubuto.

Naku,
Mai sauraro daga Kano