Babana, game da akwatin nan da ka haɗa

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Kaduna? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ke motsawa idan sanyin asuba ya sauko.

Ba a bakinka na ji ba, wannan ne ya fara sosa mini rai. Ƙanwarka ce ta nuna mini hoto a waya: baƙin akwatin kwamfuta, gefe ɗaya gilashi, fankoki uku suna walƙiyar ja da shuɗi kamar motar ɗaukar amarya. Ta ce wata huɗu ka yi kana tara kayan, ka haɗa da hannunka, wai don kallon finafinai da buga gem. Da na tambaye ta kuɗin daga ina, sai ta sunkuyar da kai. Na gane. Kuɗin nan ne da muka yi magana a kansa ranar Babbar Sallah, a gaban kawunka.

Na sa ta ƙara girman hoton, kuma ba zan ɓoye maka ba, aikin ya yi kyau. Wayoyin a ɗaure suke ta baya, ba ka bar su sun cakuɗe kamar taliya ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rediyo da talabijin, in na ga hannun da ya iya ba sai an faɗa mini ba. Hajiya ta ce na yi murmushi. Ban sani ba.

Tunda ka riga ka haɗa, ka saurari abin da na sani. Ta karanto mini sunayen kayan, Ryzen 5 5600 da katin hoto RTX 3060, na aika yaron shago ya tambayo mini a Beirut Road, wajen masu sayar da kwamfuta. Katin kaɗai yana jan wat 170, firosesar wat 65, in ka haɗa da allon kallo da sauran tarkace ka doshi ɗari uku da wani abu. Awa shida a dare, yunit biyu ke nan. Unguwarku kuwa Band A ce, waɗanda aka ɗaga musu yunit zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya. Kai ka yi karatu, ka lissafa na wata. Kuma kada ka kuskura ka jona shi kai-tsaye a bango. Ka tuna firijinmu. Wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi sau ɗaya, shi ke nan, kuɗin wata huɗu ya zama warin roba. Ka nemi sitabilaiza mai kyau, ka ƙara da UPS, batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, don injin da ke ajiye finafinai in wuta ta yanke masa yana cikin rubutu, ajiyar kan lalace.

Sai ƙura. Turawan da suka ƙera wannan abu ba su san hunturu ba. Fankar da ke jawo iska ita ke jawo ƙura, ƙurar ta kwanta a kan haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya firosesa ta zama bargo, ga bazara tana tafe da zafin da ya wuce digiri arba'in. Ɗaga shi daga ƙasa, ɗora kan tebur. Duk wata ka cire soket ka buɗe, ka riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka hure. Kafin ka taɓa fanel ka fara dafa ƙarfen akwatin, don a hunturu jiki na tara wannan 'yar wutar da ke yin ƙas in ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ram, wato ƙwaƙwalwar injin.

To, duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Kuɗi ana samu, ana rasawa.

Daren Laraba Hajiya ta kira ka sau bakwai. Ina zaune ina ƙirgawa. Washegari ka ce wayar tana kusa da kai, ba ka ji ba ne. Yanzu na san dalili, don a hoton na ga abin sauraro rataye a jikin allo, irin mai rufe kunne ruf. Babana, mutumin da bai ji waya a gefen cinyarsa ba, yaya zai ji ladan? Yaya zai ji an buga ƙofa? Wannan tambaya nake ta juyawa. Ina ganin ka a ɗaki kai kaɗai, labule a sake, ƙofa a kulle, hasken nan ja da shuɗi yana wasa a fuskarka, ƙarfe uku na dare, kana magana da mutanen da ba su san sunan ubanka ba. Ka san wanda nake tunawa. Shi ma ba da mugun abu ya fara ba, ɗan hutu ne bayan la'asar. Ka ga yadda muka ɗauko shi, kai ka riƙe masa jaka. Ba sai na ƙara ba.

Kada ka ce tsoho ne bai waye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a shekarar 2019, ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Alamarta kuwa ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da ya ga yana cutuwa. Likitoci ne suka faɗa, ba ni mai dalma ba. Waɗanda ke ƙera wasannin nan kuma albashi ake biyan su don kada ka tashi daga kujera.

Kuma ka ba ni kunya, gara in faɗa. Mutanen nan sun ba mu 'yarsu, sun ce bayan azumi. Da wane baki zan je in ce lefe ya koma fanka mai launi? Kana da shekara ashirin da takwas. A shekarunka ina ciyar da mutum shida.

Na san abin da ke ranka. Ranar da na kamo ka a gidan gem na bakin kasuwa, da kayan Islamiyya a jikinka. Na yi maka abin da na yi a gaban yara, kuma ka daɗe ba ka haɗa ido da ni ba. Wataƙila hannuna ya yi nauyi. Amma a lokacin nan muna tsaka da wancan al'amari, ina ganin abin da zaman banza ya yi wa ɗan uwana, ga naka ɗan ya kama hanya, in ji Hajiya. Me kake so in yi? Ka gama makaranta, ka samu aiki, ban ga inda na yi asara ba. Sai dai wani lokaci nakan ce, da na zaunar da kai a shago na miƙa maka sukudireba, da ya fi bulala. Ga shi hannun ya fito da kansa.

Ban ce ka sayar ba. In ka sayar yanzu faɗuwa za ka yi. Abin da nake so, ka fito da shi falo inda mai shigowa zai gan ka. In ka yi sallar isha'i ka taɓa kaɗan, sha ɗaya ta yi maka a kan gado. Kunne ɗaya kuma ka bar shi a buɗe. Ka kira ni ranar Juma'a ka faɗa mini yadda za ka mayar da kuɗin nan kafin Sha'aban, da bakinka, ba ta hannun ƙanwarka ba.

Ta ce wai akwai wata manhaja, Jellyfin, da ke sa mutum ya kalli abin da ke cikin akwatin naka daga wani gari. In gaskiya ne, kaset-kaset ɗin nan na bidiyo suna cikin adakar Hajiya, da na dawowarta daga Makka da na sunanka. Tef ɗin ya fara cin kansa, kuma marigayiya tana ciki, tana dariya. Zan ba direba ya kawo maka ranar Asabar ka juye su cikin akwatin, tare da burushina mai laushi da ƙaramar bulowar shago. Bulowar aro ce, ka dawo mini da ita.

Hajiya tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka