Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Al'adu Na Siriya Kan Kagarar Ƙal'atul Husn

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da tsohuwar kagarar nan da ke kan tsauni mai tsayin kimanin mita 650, wajen kilomita 40 yamma da birnin Homs, wadda Larabawa ke kira Ƙal'atul Husn, Turawa kuma suka sani da Krak des Chevaliers. Roƙona shi ne gwamnatinku ta ɗauki alkawari a rubuce cewa soja ba zai sake kafa sansani a cikinta ba, kuma gyaran da za a yi mata ba zai shafe aikin kowane zamani don a fifita wani ba.

Ranka ya daɗe, wurin da aka dasa wannan gini shi ne darajarsa, kuma shi ne abin da ke jawo masa masifa. Tsaunukan da suka raba gaɓar tekun Bahar Rum da cikin ƙasar Sham suna da wata kafa a daidai nan, kuma ta wannan kafa ce ayarin fatake da rundunar yaƙi suke bi tsakanin Tarabulus ta Lebanon ta yau da Homs. Duk wanda ya riƙe tsaunin yana ganin mai shiga da mai fita, yana kuma karɓar haraji daga kwarin Buƙai'a mai albarkar noma da ke ƙasa. Wannan ne ya sa Shiblud Daula Nasr, sarkin Halab, ya zaunar da dakarun Kurdawa a wurin a shekarar 1031, shi ne kuma ya sa 'yan Salibiyya suka ƙwace shi a 1110, har sarkin Tarabulus Raymond na biyu ya miƙa shi ga Hospitaller, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista, a farkon shekarun 1140.

Mayaƙan Hospitaller ne suka mayar da shi abin da muke gani yau, musamman bayan girgizar ƙasa ta 1170 da ta 1202. Sun kewaye kagarar ciki da ganuwa ta biyu, ta yadda wanda ya fasa ta waje zai tsinci kansa a wani siririn fili, maharba suna bisa kansa. Ta kudu, inda tsaunin ya haɗu da tudun da ke maƙwabtaka da shi kuma tsaro ya fi rauni, sun jingina wa bangon wata ƙatuwar gangara ta sassaƙaƙƙen dutse, suka haƙa tafki a gindinta, wanda ya zama gwalalo kuma ma'adanar ruwa. Hanyar shiga ma tarko ce: doguwar rufaffiyar hanya mai hawa, wadda ke yin kwana kwatsam, da ramuka a rufinta da ake jefo wa maƙiyi abin da zai hallaka shi. An ce a lokacin ƙarfinta kagarar tana ɗaukar mayaƙa kimanin 2,000. Nuruddin, sarkin Musulmi na Sham, ya sha kashi a ƙarƙashinta a 1163, Salahuddin kuwa ya zo a 1188, ya dube ta, ya ga ba ta cancanci ɓata lokacinsa da jinin mutanensa ba, ya wuce arewa.

Baibars, sarkin daular Mamalik ta Masar, shi ne ya ci ta, bayan ya yi mata ƙawanya daga farkon Maris zuwa 8 ga Afrilu 1271. Ya kafa manjaniƙai, wato na'urorin jifa da manyan duwatsu, ya karya ganuwar waje ta kudu, kuma marubutan tarihi sun ruwaito cewa ya aika wa na ciki wasiƙar jabu da ke ba su izinin miƙa wuya, sannan ya bar su suka fita da ransu. Abin da ya yi bayan nasara shi ne darasin da nake so ma'aikatarku ta riƙe. Bai rushe ginin ba, gyara shi ya yi. An mayar da cocin da ke cikin kagarar masallaci, aka sa mihrabi da mumbari, amma bakan rufin da Turawa suka gina yana nan. Rubutun Baibars da zakunan tambarinsa da aka sassaƙa suna bisa ƙofar shiga, hasumiya mai kusurwa huɗu da Ƙalawun, wani sarkin Mamalik na bayansa, ya ƙara a 1285 tana kudu, ga kuma barandar zauren mayaƙa da sassaƙarta irin ta majami'un Faransa, duk a cikin ganuwa ɗaya. Mai gyaran da ya goge ɗaya don ya haska ɗayan ya yi wa tarihi ƙarya, ko da niyyarsa ta kishin addini ce ko ta jawo 'yan yawon buɗe ido daga Turai.

Hukumar UNESCO ta sa kagarar cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2006, sai ga shi a 2013 ta koma jerin waɗanda ke cikin haɗari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsaunin da ya ja hankalin sarakunan da, shi ya ja hankalin mayaƙan yau. 'Yan tawaye sun fake a ciki lokacin yaƙin basasar Siriya, jiragen gwamnatin Assad suka yi mata ruwan bama-bamai a 2013, sojojinta suka karɓe kagarar a Maris 2014, sannan girgizar ƙasa ta Fabrairu 2023 ta ƙara tsattsage bangon da ya riga ya ji jiki. Gini da ya tsaya wa manjaniƙ ba a yi shi don ya tsaya wa bam ba, saboda haka dokar da za ta haramta kafa makami a cikinsa da kewayensa ita ce gyaran farko, kuma ba ta cin kuɗi.

Sai kuma aikin hannu. Ina roƙon a fara da magudanan ruwa da tsage-tsagen da damina ke shiga, a yi amfani da dutse da farar ƙasa irin na asali, a guji siminti, a kuma wallafa rahoton ɓarnar da aka yi domin masana na ciki da na waje su duba kafin a ba da kwangila. Kada a manta da mutanen garin Husn da ke gindin tsaunin, waɗanda yaƙi ya rusa wa gidaje ya tarwatsa su. A zamanin mulkin Faransa, cikin shekarun 1930, an fitar da ɗaruruwan mutanen da ke zaune a cikin kagarar domin a gyara ta. A wannan karon ya kamata 'ya'yan garin su zama magina, masu gadi da masu yi wa baƙi jagora, kuma wani kaso na kuɗin shiga ya riƙa komawa ga ruwan sha da makarantunsu.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai bibiyar tarihin ƙasar Sham